Carbi da Rawani a Birnin Zazzau

Akwai masu ganin ɗarika lamari ne na zawiyya kawai: mutum ya karɓi wuridi a hannun muƙaddami, ya riƙe lazimi safe da yamma, ya zauna wazifa, ya shiga zikirin Juma'a bayan la'asar, sha'anin gari kuma ya bar wa masu rawani. Tarihin Zazzau bai goyi bayan wannan ba. Tun da Malam Musa ya karɓi birnin a 1808 da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Ƙadiriyya ce ɗarikar masu jihadi, kuma Sakkwato, mai naɗa sarkin Zazzau da tuɓe shi a lokacin, a kanta take. Da Tijjaniyya ta yaɗu bayan zaman Alhaji Umaru Futi a Sakkwato cikin shekarun 1830, sai karɓarta ta zo da nauyin siyasa ko mai karɓar bai nufa ba, domin sharaɗinta shi ne a ajiye duk wani wuridi. Malami irin Umaru Wali, yana zaune cikin ganuwa, silsilarsa ta miƙe har Fas wurin Shehu Ahmadu Tijjani, ba ta bi ta hannun Sarkin Musulmi ba.

Ana iya cewa sarakuna ne suka mai da ɗarika makami, tunda gidaje huɗu ke neman gadon sarauta ɗaya, wato Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma an san Mallawa da Tijjaniyya. Da ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a dubi Sarki Aliyu ɗan Sidi, Batijjane kuma mawaƙi, wanda Turawa suka naɗa a 1903 suka tuɓe a 1920 suka kai Lakwaja. Da ƙarfin ɗarikar daga fada yake, da ta bi shi can. Maimakon haka ta ci gaba a zaurukan malamai, ta ƙara bunƙasa da zuwan failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, musamman tsakanin 'yan kasuwa da masu sana'a. Dalilin a fili yake: izinin muƙaddami daga shehinsa yake fitowa, ba rawani ba ne da za a kwance masa, kuma sarki kansa almajiri ne idan ya zauna wazifa.

Suka mafi nauyi ita ce wadda Izala ta ɗaga tun kafuwarta a Jos a 1978, cewa biyayya ga shehi tana danne tunanin muridi. Sai dai da biyayyar ta kai har rumfar zaɓe, da 'yan ɗarika ɗaya ba su rabu ba. A shekarun 1950 Tijjanawa da dama a Arewa sun karkata ga jam'iyyar NEPU, alhali 'yan'uwansu na kusa da fada suna NPC. Abin da ɗarika ta ba mutanenta shi ne amana, masauki a garin da ba su san kowa ba, surukuta da bashin haja. Da wannan kowa ya shiga harkar duniya ta ƙofar da ya zaɓa, da yamma kuma a haɗu a zawiyya ɗaya.