Gafiya da ɓera a lambun gida: Yadda ake gane su, yadda ake korar su, da wanda alhakin ya rataya a wuyansa

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi, Daurawa da Unguwa Uku da ke ƙaramar hukumar Tarauni a Kano, magidanta da dama kan shuka zogale, alayyafo, yakuwa, tumatir ko dankali a ɗan filin bayan gida domin rage cefane. Babban abokin gabar irin wannan lambu shi ne abin da ke haƙa rami a gindin katanga da dare. Korar sa abu ne mai yiwuwa, amma ba ya ɗorewa muddin bola da kwatamin unguwa na ciyar da shi.

Wane ne mai ɓarnar?

Dabbobi uku ake yawan rikitawa. Ta farko ita ce gafiya, wadda nauyinta kan kai kilo 1 ko fiye, kuma rabin jelarta na ƙarshe fari ne. Tana da jaka a kumatu da take cikawa da gyaɗa, masara ko guntun rogo ta kai raminta. Raminta faffaɗa ne, sau da yawa mai ƙofa fiye da ɗaya, kusa da katanga, kwata ko tarin bulo.

Na biyu shi ne ɓera. Raminsa ƙarami ne, amma yawan haihuwarsa ya fi na gafiya nesa ba kusa ba. Nau'in da masana ke kira Mastomys kan haifi 'ya'ya 10 ko fiye a ciki ɗaya.

Ta uku ita ce jaba, mai dogon baki da wari. Jaba ba dangin ɓera ba ce, kuma ƙwari da tsutsotsi ne abincinta. Mai lambun da ya kashe ta ya rage wa kansa mai taya shi yaƙi da ƙwari, mai ɓarnar na gaskiya kuwa yana nan.

Abin da ya wuce asarar ganye

Ɓeran Mastomys ne babban mai ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Mutum na kamuwa idan fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa abinci ko kayan amfani, sannan cutar kan yaɗu daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki. Alamomi kan ɗauki har kwana 21 kafin su bayyana. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna alama mai tsanani, sai dai ragowar na iya shiga mawuyacin hali, kuma wasu da suka warke kan rasa ji.

Mutanen Tarauni ba a nesa suka ji labarin ba. A watan Janairun 2020 cutar ta yi ajalin likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke kan titin Zariya, daf da Gyaɗi-Gyaɗi. Cutar ta fi ƙamari da rani, tsakanin Disamba da Afrilu. Duk wanda zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya ya garzaya asibiti, ko ya kira layin kyauta na hukumar NCDC, 6232.

Matakan korar su

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matakin farko shi ne kawar da abin da ke janyo su: a zuba hatsi a mazubi mai murfi, a kwashe ragowar dusa da abincin kaji kafin magariba, a tsince 'ya'yan itacen da suka faɗo, a daina shanya abinci a ƙasa.

Na biyu, a hana su mafaka. A janye tarin itace, bulo da tsoffin tayoyi daga jikin katanga, a nome ciyawar gefe.

Na uku, a gano ramin da ake amfani da shi. A toshe kowane rami da ƙasa da yamma. Wanda aka tarar a buɗe da safe, akwai mai shi a ciki. A bakinsa ake ɗana tarko, da gyaɗa ko busasshen kifi, a jikin bango inda suka saba bi. Gafiya na buƙatar tarkon keji mai ƙarfi, domin na ɓera ba ya riƙe ta. Bayan an kama, a cike ramin da tsakuwa da siminti.

Na huɗu, a sa shinge. A binne ragar waya mai ƙananan idanu kewaye da kwamin shuka, a kuma sa raga a bakin bututun da ke fitar da ruwa zuwa kwata. Kyanwa na rage ɓeraye, amma da wuya ta tunkari babbar gafiya.

Kada a taɓa mataccen ɓera da hannu tsirara. A sa safar hannu ko leda, a binne shi da zurfi, a wanke wurin da ruwan bilic, a wanke hannu da sabulu.

Batun guba

Shinkafar ɓera da fiya-fiya da ake sayarwa ba tambari, ba wanda ya san ainihin abin da ke cikinsu. Wasu magungunan ɓera na ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa ya zama iska mai guba a ciki, kuma ba shi da makari. A gidan da ke da yara, kaji da awaki, hatsarin ya fi amfanin. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da makamantansa a kasuwanni da kantuna, domin maganin ƙwarin gona ne, ba na cikin gida ba. Idan ya zama dole, a sayi mai lambar NAFDAC, a ajiye shi cikin akwatin da ɓera kaɗai zai iya shiga. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan take tare da ledar maganin.

Aikin wa ne?

Gida ɗaya ba ya cin wannan yaƙi, domin ramin da aka toshe yau, gafiyar bolar maƙwabta ce za ta sake buɗe shi gobe. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara da kula da magudanan ruwa a kan ƙananan hukumomi, yayin da hukumar REMASAB ke wannan aiki a matakin jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya.

Tarauni na da mazaɓu 10, kowacce da kansilanta. Mazauna na da haƙƙin tambayar kansila nawa aka ware wa tsaftar muhalli a kasafin bana, yaushe motar shara ke zuwa layinsu, da kuma ranar da za a yashe kwata kafin damina. Tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata kuwa dama ce ga maƙwabta su toshe ramuka su ɗana tarko a rana guda, domin abin da aka kora daga wannan gida kada ya tare a na kusa da shi.