Ƙafa 13 Da Ta Nakasa Jirage Takwas

Yau zan kai ku Amurka, wajen rundunar da ke gadin gaɓar tekunsu.

Daga 1985 zuwa 1992, kamfanin Bollinger da ke jihar Luwiziyana ya ƙera wa rundunar jiragen sintiri 49, samfurin Island. Tsawon kowanne ƙafa 110 ne, ga gudu. A wancan lokaci, su ke farautar masu safarar ƙwayoyi, su ke ceton mutanen da jirginsu ya kife.

To, da suka fara tsufa, sai aka shigo da shirin Deepwater a 2002, aka ba Lockheed Martin da Northrop Grumman kwangila. Dabarar ita ce a ƙara wa kowane jirgi ƙafa 13 ta baya, a yi masa gangara da ƙaramin kwalekwale zai riƙa sulalewa cikin ruwa. A takarda abin ya yi kyau.

Na farkonsu, Matagorda, a 2004 yana gudun guguwar Ivan jikinsa ya tsage. Sauran ma suka fara lanƙwasa. Ashe tsohon ƙarfen ba zai ɗauki ƙarin ba.

Nan ne wurin da ya fi ɗaukar hankalina. Wani injiniya da ya yi aiki a Lockheed, Michael DeKort, ya sha kai ƙorafi kan na'urorin jiragen, har da kyamarorin tsaro da ba sa hango wasu sassa. Da ya ga babu mai saurarensa, a Agustan 2006 ya ɗora bidiyo a YouTube, a lokacin da dandalin yake jariri. Kafin shekarar ta ƙare an ajiye duka takwas ɗin da aka yi wa ƙari, kusan dala miliyan 100 ta bi ruwa.

Daga baya rundunar ta koma kan zanen da aka riga aka gwada, na kamfanin Damen na Holan. Shi ya haifi samfurin Sentinel mai ƙafa 154. Na farko ya fara aiki a 2012, da sunan Bernard Webber, matuƙin da ya ceto mutum 32 daga tankar Pendleton a 1952.

Tambayata gare ku: da kai ne DeKort, aikinka za ka kare ko za ka yi magana? Ina jiran amsarku a ƙasa. Sai shiri na gaba.