Mazaunin harsashi a tsofaffin bindigogin farauta

Mazaunin harsashi shi ne ɓangaren da ke gindin bututun bindiga, inda ake zura harsashi kafin a harba. A bindigogin farauta da ake karyawa a tsakiya, masu baki ɗaya ko baki biyu, kowane mazauni yana da tsawon da aka yanke masa tun daga masana'anta. Tsofaffin bindigogi da yawa an yi su ne da gajeren mazauni, kuma harba dogon harsashin zamani a cikinsu yana iya lalata bindigar ko ya raunata mai harbin.

Faɗi da tsawo

Abu biyu ake dubawa wajen daidaita harsashi da bindiga. Na farko faɗin bututu, wanda ake kira geji. Geji 12 na nufin idan aka raba laba ɗaya ta dalma, wato kimanin giram 454, zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, kowane dunƙule zai cika bututun. Saboda haka duk yadda lamba ta ƙaru, bututu ƙara tsukewa yake yi: geji 12 yana da faɗin kimanin milimita 18.5, geji 16 milimita 16.8, geji 20 kuma milimita 15.6.

Na biyu tsawon mazauni. A geji 12 akwai milimita 65 (inci 2½), 70 (inci 2¾), 76 (inci 3) da 89 (inci 3½). Yawancin bindigogin farautar tsuntsaye da aka ƙera a Ingila kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu milimita 65 ne. Na milimita 89 bai fito ba sai a 1988, daga kamfanonin Federal da Mossberg na Amurka.

Dalilin haɗari

Tsawon da ake rubutawa a jikin harsashi tsawon kwansonsa ne bayan an harba, lokacin da bakinsa ya buɗe. Kafin harbi bakin a naɗe yake, shi ya sa harsashin milimita 70 yake shiga mazaunin milimita 65 ba tare da ya cije ba, bindigar kuma ta rufe lafiya lau. Shigar harsashi ba shaida ba ce ta cewa na bindigar ne.

Gaba da mazauni akwai wani wuri mai siffar mazurari da ke haɗa shi da bututu. Idan harsashi ya yi tsawo, bakin kwanso yakan buɗe a cikin wannan tsukakken wuri, ya rage wa ƙwayoyin dalma hanya, sai matsi ya ƙaru. Ga shi kuma dogon harsashi galibi ya fi na da yawan albarushi da dalma. Alamun da ake gani su ne dukan kafaɗa mai tsanani, yagewar bakin kwanso, wahalar zare shi, da sassautawar mahaɗin bindiga. A bututun da tsatsa ta ci, abin yana iya kai wa ga kumbura ko fashewa. Gajeren harsashi kuwa a dogon mazauni na geji ɗaya ba ya kawo wannan matsala.

Wani haɗarin shi ne cakuɗa geji. Harsashin geji 20 yana zarcewa cikin bututun geji 12 ya maƙale. Idan aka ɗora wani a bayansa aka harba, bututun na iya tarwatsewa. Don gudun haka ne kamfanoni da yawa suke yin kwanson geji 20 da launin rawaya.

Hatimin gwaji

A Turai ana gwada sabuwar bindiga da harsashi mai ƙarfi fiye da kima kafin a sayar, sannan a buga mata hatimi a ƙasan bututu, inda ake gani idan an raba ta. An kafa gidan gwaji na Birmingham a 1813. Bindigogin birnin Liège na Beljiyam suna ɗauke da haruffan ELG. A bindigogin nahiyar Turai da na Rasha, irin su Baikal, akan ga rubutu kamar 12/65, 12/70 ko 12/76, wato geji da tsawon mazauni. Tsohuwar bindigar da aka gwada da baƙin albarushi kaɗai ba ta dace da harsashin zamani ba, ko da tsawonsu ya zo ɗaya. Idan hatimin ya goge, mai gyaran bindiga ne ke auna mazaunin da ma'auni na musamman.

A ƙasar Hausa

Bindigar da ta fi daɗewa a hannun mafarautan Hausa ita ce adaka, ko bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, don haka ba ta da mazaunin harsashi. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wani babban yanki na Afirka, abin da ya tsawaita rayuwar irin wannan bindiga. Matsalar mazauni ta shafi masu bindigar harsashi ne, musamman a karkara, kamar ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jigawa, inda ake fita farauta da rani. Bindigar gado takan wuce daga uba zuwa ɗa ba tare da wata takardar bayani ba, bindiga ƙirar gida kuma ba ta da hatimin gwaji ko kaɗan.

Doka

Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta, na amfanin kai, da waɗanda ake ɗurawa ta baki. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu tana rukuni na biyu, kuma lasisinta yana ƙarƙashin ikon Sufeto Janar na 'yan sanda. Na adaka yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ko gyara ta ma sai da izinin hukuma.