Inuwar Baƙo: Daga Zangon Gazawa zuwa Otel ɗin Siminti

A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya biyo ayarin gishirin Abzinawa ta Tasawa, ya sauka Gazawa kafin ya ratsa dajin da ke tsakaninta da Katsina. Ya tarar da gari kewaye da kafi da gwalalo, domin zamanin yaƙi ne, amma duk da haka gari ne mai karɓar matafiya. Yau hanyar kwalta ce ta ɗinke Gidan Rumji da Maraɗi da Agiye da Gazawa, baƙi kuma ba su daina zuwa ba: 'yan kasuwa, ma'aikata, da masu zuwa kallon hawan salla a Tsibirin Gobir. Abin da ya sauya shi ne ɗakin da ake sauke su. Ana ta maganar masaukin da ba ya cutar da muhalli kamar wata fasaha ce daga ƙetare, alhali yankin nan ya yi ƙarnuka yana gina shi. A ganina, masaukin baƙi ne wurin da ya fi dacewa a farfaɗo da wannan gini.

Saukar baƙo a ƙasar Hausa hawa-hawa ce. Ayari yakan yada zango a bakin gari, kusa da rijiya da inuwar tsamiya. Falke mai kaya yakan shiga gidan fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa haja, ya haɗa shi da dillali. Baƙon dare kuwa zaure ne nasa. Duk waɗannan ɗakuna da abin da ke kusa aka yi su. Magina kan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, su jera shi a bango mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Sai a shimfiɗa azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗora asabari, a zuba ƙasa, a kafa indararo. Bango irin wannan yakan shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya raba. Shi ya sa mai shiga soro da azahar a watan Afrilu yakan ji kamar ya leƙa cikin randa.

Ginin ƙasa bai gaza ba, daraja ce ta ƙaura daga gare shi. Bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka ɗauke Maraɗi daga kwarin gulbi zuwa tudu, kuɗin gyaɗa ya shigo, siminti da kwano suka zama shaidar arziki. Otel ma ya bi sahu: siririn bangon bulo, rufin kwano, sannan na'urar sanyaya ɗaki don ta kashe zafin da ginin da kansa ya tara. Raunin wannan tsari ya bayyana a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ciki har da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa. Ɗakin da sanyinsa ke rataye da waya ya koma tanda, soro kuwa bai san an yi ba.

Mai ja zai ce ruwa ne ajalin ƙasa, ya kafa hujja da damanar 2024, wadda ta rusa gidaje bila adadin a jihar Maraɗi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Damagaram. Gaskiya ce mai ɗaci. Sai dai ruwa ta gindi da ta kai yake cin gini, kuma magabata sun san haka, shi ya sa suke shafe bango da makuba, suna sabunta yaɓe kafin ruwan fari. Harsashin dutse, fili mai tudu da magudana mai kyau suna rage yawancin haɗarin. Wani kuma zai ce azara ta yi wuya, sare giginya ɓarna ce. Nan ma akwai amsa a cikin gida. Tun 1980 aka fara gini ba katako a Shikal, inda ake ɗaure rufi da tubali zalla, kuma magina da yawa sun koya. A gefe guda, sassaben zamani da manoman Maraɗi suka runguma daga shekarun 1980, wanda ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya yi suna da shi, ya mayar da itatuwa gonaki. Kabar Gulbin Kaba ma tana nan don tabarma da shimfiɗa.

Saura masu cewa baƙon zamani ba zai biya kuɗi ya kwana a ɗakin laka ba. Ɗakin karatu da masallacin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a Dandaji a 2018, da tubalin ƙasa da aka matse da inji, sun nuna cewa ƙasa tana ɗaukar tsabta da ƙawa. Masauki ma yana da abin da gidan talaka ya rasa, wato kuɗin shiga da zai biya yaɓen shekara, ya riƙe magini a sana'arsa har ya koyar da yaransa. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, da hantsi ya tashi, amma yakan tafi da labari. Idan ya kwana cikin sanyi a Agiye ba tare da rurin janareta ba, shi ne zai gaya wa mutanen gari darajar ƙasar da suke takawa.