Bayanin adadin ninkin gidajen shaɗaranji da tarihinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙididdige dukan kome, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ku sani ya ku almajirai, Alƙali Ibnu Hallikana ya kawo labari cikin Wafayatul A'ayan, littafin da ya gama shekara ta 672 Hijira, 1274 Miladiyya. Wani mai hikima na ƙasar Hindu, Sissa ɗan Dahir, shi ya ƙaga shaɗaranji, darar da ke da gida 64. Sarki Shihram ya ce ya roƙi lada. Ya roƙi ƙwayar alkama guda ga gidan farko, biyu ga na biyu, huɗu ga na uku, ana ninkawa har ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, ya yi alkawari tun ba a lissafa ba. Da malaman hisabi sunka zauna sunka ce alkamar duniya ba ta cika shi. Wasan kansa Risala ta hana shi, lissafinsa muka nufa.

Tun kamar shekara ta 1000 Miladiyya Biruni ya fitar da jimlar cikin Asarul Baƙiya, ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Ya nuna in an buga 16 cikin kanta har 16 ta jeru sau 16, a zare guda, ita ce ke fita. Sirrinta, kowane gida ya ɗara dukan gidajen da sunka gabace shi da ƙwaya guda. Ku jarraba: 1 da 2 da 4 bakwai ne, gida na huɗu kuwa 8. Da mutum zai ƙirga ƙwaya guda kowace daƙiƙa, da ya haura shekara 584,000,000,000 bai gama ba.

Adadin nan mara ne, ba ya rabuwa biyu. Saboda haka ba shi da nusufi, ko rubu'i, ko sudusi, ko sumuni. Cikin farillan gado shida, sulusi da sulusani kaɗai ke fita daga gare shi ba karaya. Asalinsa adadi bakwai ne waɗanda ba mai raba su sai guda da kansu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537, da 6,700,417. Biyu na ƙarshen ganowa, 641 da abokinsa 6,700,417, wani Bature mai suna Oila ya bayyana su shekara ta 1732.

Kada ku ce hisabi na baƙi ne. Cikin wannan shekarar ta 1732 Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta hanyar gina hatimin wafaƙi mai gidaje mara, irin wanda kowane layinsa ke ba da jimla guda. Ya rasu Alƙahira shekara ta 1154 Hijira, 1741 Miladiyya, gidan Shehu Hasanul Jabarti.

To, wanda bai iya bugu da rabawa ba, ƙaƙa zai raba gadon marayu, ko ya fitar da zakkar gero? Ku lissafa kafin ku yi alkawari, ku lissafa kafin ku yi fatawa, don hakkin mutane na bisa wuyanku.

Allah shi ne masani. Ya cika a Wurogauri, ƙasar Gwandu, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.