Tarihin Sadakar Kayan Ɗaki, Daga Hubusi Zuwa Shagon Gwanjo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa, wani abu ne da ya faru a gabana da daminar bara. Wani ma'aikaci da ya yi shekaru yana haya a bayan shagona ya samu sauyin wurin aiki, ya tashi. Motar da ya ɗauko ba ta kwashe kayansa duka ba, sai ya bar gado da katifa da kujeru uku da ƙaramin firij a tsakar gida, ya ce zai aiko a ɗauka. Shiru bai aiko ba. Mai gidan yana tsoron taɓa kayan mutane, ruwa kuwa ya yi ta dukansu har katako ya kumbura, gara ta ƙarasa sauran. A cikin watannin nan ne aka ɗaga bikin wata marainiya a layinmu har sau biyu, saboda kawunta bai haɗa kuɗin gado ba. Na san da kayan, na san da yarinyar, amma ban haɗa su a zuciyata ba sai da aikin gama ya gama. Da na samu mutumin a waya daga baya, cewa ya yi, "Haba Malam, ai da ka faɗa mini, da na ce a ba ta." Maganar nan ta tsaya mini a rai, ita ta sa na koma bincike a kan yadda mutanen da suke yi da tsofaffin kaya.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna babin da aka haɗa kyauta da sadaka da hubusi da jingina da aro da ajiya a wuri ɗaya. Hubusi, wanda wasu ke kira waƙafi, shi ne mutum ya tsare asalin dukiya, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta kuma ya tafi ga jama'a. Sayyidina Umar ya yi haka da gonarsa ta Khaibara bisa shawarar Manzon Allah (SAW). Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Khalid bin Walid kuwa sulkunansa da kayan yaƙinsa ya tsare saboda Allah. Irin wannan na Khalid yana cikin abin da malamanmu na Malikiyya suka dogara da shi wajen halatta hubusin abin da ake iya ɗauka, kamar littattafai da dabbobi da kayan aiki. Ka ga ke nan ba sai mai gona ko mai gida ne kaɗai ke da rabo a wannan lada ba.

Matafiyin nan Ibn Battuta, wanda daga baya ya zo har ƙasar Mali da Takedda cikin Nijar ta yau, ya shiga birnin Dimashƙa a 1326. Ya ba da labarin ire-iren hubusin da ya tarar a can. Akwai na taimakon wanda ya kasa zuwa Hajji, akwai na fansar fursunoni, akwai na gyaran hanya, akwai kuma wanda aikinsa yi wa 'yan mata kayan aure idan iyayensu ba su da hali. Ya ce wata rana ya ga wani yaro bawa ya yar da farantin tangaran ya fashe, jama'a suka taru, sai wani ya ce masa ya tattara gutsattsarin ya kai wa mai kula da hubusin kwanuka. Aka kai shi, aka ba shi kuɗin sayen wani, ya tsira daga faɗan ubangidansa. Jama'a, shekara kusan 700 ke nan da Musulmi suka tanadi wurin da ake share hawayen wanda ya fasa kwano.

To, mu dawo gida. Abdu Zanga, Bafulatanin da ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa Keffi wajen shekarar 1800, sunan garin ma daga kafi ya samo asali. Garin ya zauna ƙarƙashin Zazzau, kuma yana kan hanyar fatake masu gangarowa daga Kano da Zariya zuwa Loko a bakin Binuwai. Kakannin da yawa daga cikinmu ta wannan hanya suka zo, wasu kuma daga baya a mota. Baƙo a wancan zamani ba ya zuwa da gado a ka. Mai masauki ne ke ba shi ɗaki da tabarma da tulu da tukunya, idan ya zauna ya yi ƙarfi, shi ma ya yi wa na bayansa. Haka unguwannin Hausawa suka ginu a ko'ina, daga nan har Kumasi.

Kayan ɗakin mace a lokacin ba su da yawa: gadon kara ko na ƙasa, tabarmi, ƙore, akushi, tasoshi, tukwane, sai turmi da taɓarya. Ba a zubar da komai. Ƙwarya ta fashe, a kira gyartai ya ɗinke. Uwa za ta cire daga jerenta ta sa wa 'yarta, gwaggo ta kawo tasa, maƙwabciya ta kawo faifai, kafin ka ce me ɗakin amarya ya cika. Wadda buƙata ta kama, sai ta kira dillaliya a asirce ta ba ta kwano biyu ta zaga da su gidaje, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ba mu da shagon sadaka a lokacin domin ba mu buƙace shi ba. Kowa ya san ɗakin kowa, kaya kuma suna zagayawa da kansu.

A 1902, shekarar da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a nan Keffi ya nufi Kano, abin da ya zama ɗaya daga cikin hujjojin Turawa na kai wa Kano yaƙi a 1903, wani abu daban yana faruwa a birnin Boston na Amurka. Wani limamin coci mai suna Edgar Helms ya fara zagaya unguwannin masu kuɗi da buhu yana karɓar tsofaffin tufafi da kayan gida. Sai ya ɗauki talakawa aikin gyara su, a sayar da araha, a biya masu gyaran lada. Daga nan ƙungiyar Goodwill ta samo asali, tana nan har yau. A Ingila, ƙungiyar Oxfam da aka kafa a 1942 don agaza wa mutanen Girka da yunwar yaƙi ta kama, ta buɗe shagonta na farko a birnin Oxford bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu. Musulmin can ma sun bi wannan hanya. Islamic Relief, wadda aka kafa a Birmingham a 1984, tana da irin waɗannan shaguna.

Yadda abin yake tafiya ba wuya. Mai kaya ya kawo kyauta, ko a zo gida a ɗauka idan gado ne ko firij. A duba, a gyara, a sa kuɗi kaɗan. Mai ƙaramin ƙarfi ya saya da mutuncinsa, kuɗin kuma ya tafi aikin taimako. Tufafin da suka yi musu yawa sai su sayar wa 'yan kasuwa, a ɗaure dila dila a yo jirgin ruwa da su. Da yawa ta Kwatano suke biyowa su shigo mana. Wato wata rigar da muke ciniki a kanta a wurin 'yan gwanjo, asalinta sadaka ce wani ya bayar a Landan. Ni kaina na yi sana'ar gwanjo ina saurayi, ban san haka ba sai da girma ya zo.

A wajenmu kuwa, kayan ɗaki sun yi ta sauyawa. Langa da kwalla da samira suka ture ƙore, gadon ƙarfe mai rumfa ya ture na kara, aka shigo da kabet da kujerun kushin. Waɗanda suka girme ni suna ba da labarin kuɗin Udoji na 1975, lokacin da ma'aikata suka cika gidaje da rediyo da fanka da firij. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari talaka, sai kasuwar na hannu ta buɗe, kowa ya koma ɗan Kwatano.

Keffi ma ta sauya a idonmu. Gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disambar 1991, aka ƙirƙiro jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, aka kafa jami'ar jiha a nan garin a farkon shekarun 2000. Rusau da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya turo jama'a Mararaba da Masaka, wasu har nan. Yanzu garin cike yake da masu zuwa da masu tashi. Ɗalibi ya gama karatu, ya rasa yadda zai yi da katifa da fanka da tukunyar gas. Ma'aikaci ya samu sauyi, kuɗin mota ya fi kuɗin kujerun. Mai hali ya sake kayan falo, tsofaffin ya jibge a sito. A gefe guda kuma ga wanda gobara ta cinye wa ɗaki, ga bazawarar da ta dawo gida da akwati ɗaya, ga marainiya. Kayan sun ƙaru, amma sanin juna da ke zagayawa da su a da ya ragu. A wannan giɓin ne gadon da na ba ku labari ya ruɓe.

Jihohin da ke sama da mu sun taɓa wani ɓangare na matsalar. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. A 2012 gwamnatin jihar ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba, aka fara da ma'aurata 100, a 2023 kuma aka aurar da 1,800 a lokaci ɗaya. Cikin abin da gwamnati ke ba su har da gado da katifa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa kayan ɗaki, waɗanda al'ada ta ɗora wa iyayen yarinya, suna cikin manyan abubuwan da ke tsayar da aure. Mu a nan ba za mu zauna jiran gwamnati ta sayo mana sabo ba alhali na hannu yana lalacewa a bayan ɗakunanmu.

Shawarata ita ce mu ware ɗaki ɗaya a unguwa don karɓar irin waɗannan kaya. Amma akwai sharuɗɗa, in ba a kiyaye su ba, gara kada a fara.

Na farko, a kawo mai amfani. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓo lalatacce ya bayar, irin wanda shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Wallahi mun sha ganin an kawo matacciyar fanka masallaci wai sadaka. Wannan ba sadaka ba ce, neman wurin zubar da shara ne. Abin da ya mutu a kai wa 'yan gwangwan su auna.

Na biyu, mai bayarwa ya zama shi ne mai kaya. Kayan mamaci na magada ne, ba a sadaka da su sai da yardarsu, in kuwa akwai maraya ƙarami a ciki, ba mai ikon kyauta da rabonsa. Kayan ɗakin mace nata ne, miji ba shi da hurumin ɗauka ya bayar don a yabe shi. Kuma a san daga inda kaya suka fito, kada ɗakin Allah ya zama maɓoyar kayan sata.

Na uku, abin da aka bayar ya tafi ke nan. Sayyidina Umar ya taɓa ba da doki saboda Allah, daga baya ya ga ana sayar da shi da araha ya so ya saya, Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Saboda haka kada wani ya shiga ɗakin amarya ya ce ai wannan kujerar tawa ce.

Na huɗu, sutura. Bahaushe ya gwammace ya kwana a ƙasa da a nuna shi da yatsa. Wanda ba shi da ko sisi, a kai masa da dare. Mai ɗan ƙarfi, a sayar masa da rangwame kamar yadda Turawa ke yi, kuɗin a biya kafinta da mai gyaran firij na unguwa. Abubuwa kamar keken guragu da gadon jinya da manyan tukwanen biki, su sai a mai da su hubusi, a riƙa ara ana dawowa da su.

Na biyar, amana. A buɗe littafi, duk abin da ya shigo da wanda ya fita a rubuta. Kada a bar wa liman shi kaɗai, har da ni mai maganar. A sa dattawa, a sa matasa masu ɗauka, kuma lallai a sa mata, musamman dillalai, domin su suka san ɗakin da ba katifa.

Marainiyar nan dai an yi bikinta bayan sallah, da karo-karon mutanen layi, Allah ya ba su zaman lafiya. Ni kuma akwai ɗaki a bayan shagona da nake ajiye buhuna, na kwashe su, na bayar da shi na shekara ɗaya a gwada. Wanda ke da shawara ko gyara a kan abin da na rubuta, ya same ni bayan sallar La'asar. Iyayenmu sun ce alheri gadon barci ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya karɓi ɗan abin da muka bayar, ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.