Daga Ife Zuwa Harare: Yadda Littafin Afirka Ya Shiga Laburare

Da yawanmu mun ɗauka cewa da zarar littafi ya fito daga maɗaba'a, to aiki ya ƙare. Amma idan muka waiwayi tarihi, za mu ga ba haka abin yake ba.

A watan Disamba na 1973 aka yi babban taro a Jami'ar Ife kan harkar ɗab'i a Afirka. Ɗaya daga cikin matsalolin wancan zamani ita ce, ma'aikacin laburare ya fi sanin littafin da aka buga a Landan bisa wanda aka buga a maƙwabciyar ƙasa. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

A 1983 aka fara baje kolin littattafai na Harare a Zimbabuwe, inda masu ɗab'i ke shimfiɗa hajarsu, ma'aikatan laburare na dubawa suna zaɓa. Sai kuma 1989, lokacin da wasu maɗaba'un Afirka suka kafa African Books Collective da ofis a Oxford, domin kai littattafansu ga laburaren Turai da Amurka.

Mu kuwa fa? A waɗannan shekarun ne littattafanmu na Hausa suka cika kasuwannin Kano, amma kaɗan ne suka shiga laburare, duk da dokar 1970 da ta wajabta miƙa kwafi uku ga Laburaren Ƙasa. Shi ya sa yau wasu, ko marubutansu ba su da kwafi. Mu yi hattara, 'yan'uwa: kasuwa takan watse, laburare shi ke adanawa.